Gwaji 42 cikin kwana biyu: nazarin wani aikin digirin digirgir a kan ruwan batir a Jami'ar Carnegie Mellon

A watan Satumba na 2022 mujallar kimiyya ta Nature Communications ta wallafa sakamakon wani bincike da aka gudanar a Jami'ar Carnegie Mellon da ke birnin Pittsburgh, jihar Pennsylvania ta Amurka. Abin da rahoton ya ƙunsa shi ne cewa wata na'ura mai suna Clio, wadda manhajar Dragonfly ke yi wa jagora, ta zaƙulo haɗi shida na ruwan batir masu taimaka wa saurin caji cikin kwanakin aiki biyu, bayan gwaji 42 kacal. Sunan da ya zo a sahun farko cikin marubutan shi ne Adarsh Dave, wanda a lokacin ɗalibin digirin digirgir ne a rukunin Farfesa Venkat Viswanathan, suna aiki tare da Farfesa Jay Whitacre, kuma cibiyar bincike ta kamfanin Toyota ce ta tallafa da kuɗi. Kafofin labarai sun riƙe batun kwana biyun, sun yi ta yayata shi. Amma wanda ya taɓa zama a ɗakin gwaje-gwaje ya san cewa kafin a kai ga kwana biyu irin waɗannan akwai shekaru, kuma a cikin shekarun ne ake gane abin da ɗalibi ya iya da abin da na'ura ta gaza.

Duk wanda ya taɓa kai batirin mota wurin mai caji ya san ruwan batir, wato ruwan asid ɗin da ake durawa ta bakin ramukan nan shida. Batirin litiyam da ke cikin waya, kwamfuta da motar lantarki shi ma yana da nasa ruwan, sai dai babu ɗigon ruwan sha ko kaɗan a cikinsa. Gishiri ne na litiyam, galibi wanda ake rubutawa LiPF6, aka narkar a cikin wasu sinadarai masu kama da mai. Aikinsa shi ne ya bai wa ƙwayoyin litiyam masu ɗauke da caji hanyar kai-komo tsakanin ɓangarorin batir biyu, alhali ya hana lantarki bi ta cikinsa, domin dole lantarki ya zagaya ta waya ya yi aikin da ake so. Tun da kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991, an sauya kayan ɓangarorin biyu sau da dama, amma tushen ruwan bai yi nisa da inda yake ba, kuma dalilin haka yana cikin halayen sinadaran da kansu.

Sinadari na farko shi ne wanda ake taƙaitawa EC. Yana da ƙarfin raba gishiri ya saki ƙwayoyin litiyam, kuma idan aka yi cajin farko yana rushewa kaɗan a saman girafayit, baƙin sinadarin nan da ke cikin fensir, wanda da shi ake yin ɗaya daga cikin ɓangarorin batir, ya bar wata siririyar fata wadda ke kare ɓangaren daga ci gaba da cin ruwan. Rukunin Jeff Dahn a Kanada ne ya nuna muhimmancin wannan a 1990, kuma da babu fatar nan da batirin girafayit bai daɗe ba. Matsalar EC ita ce kauri: ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 36 a ma'aunin Salshiyas, ta yadda a ɗakin gwaji na Pittsburgh daskararre ne kamar kakin zuma, ko da yake da za a ajiye shi a tsakar gida a Sakkwato da azahar ɗin watan Afrilu, da kansa zai zama ruwa. Saboda haka ake tsinka shi da wasu sinadarai marasa kauri, DMC da EMC, waɗanda ke gudu kamar kananzir amma ba su da ƙarfin raba gishiri. Shi ma gishirin yana da iyakarsa. Idan ya yi kaɗan, babu isassun masu ɗaukar caji. Idan ya yi yawa, ruwan ya yi kauri, ƙwayoyin suka riƙa manne wa juna, sai tafiya ta yi nauyi. A wani wuri tsakanin waɗannan iyakoki akwai haɗin da caji ya fi saurin ratsawa, kuma shi ake nema.

Neman nan da hannu aiki ne mai gajiyarwa. Gishirin LiPF6 ba ya shiri da laima, domin idan ya haɗu da ruwa yana haifar da asid mai guba wanda ke cin gilashi, don haka dole a yi komai a cikin rufaffen akwati mai cike da iskar agon, wadda ba ta haɗuwa da sinadaran, inda ɗalibi ke zura hannuwansa ta cikin dogayen safofin roba masu kauri yana awo a kan sikeli. Lissafin kuma ba ya tausaya wa kowa. Idan abubuwa uku ne ake sauyawa, kowanne mataki goma, haɗi dubu ke nan. Idan huɗu ne, kowanne mataki ɗari, an kai miliyan ɗari. Ɗalibin da ke da shekara huɗu ko biyar ba zai gwada ko da ɗan guntun wannan ba, shi ya sa al'adar fannin ta kasance a fara daga haɗin da magabata suka yarda da shi, a ɗan matsa hagu ko dama, a rubuta abin da aka gani.

Rukunin Carnegie Mellon bai fara da ruwan batirin litiyam na kasuwa ba. Na'urarsu ta farko, mai suna Otto, an gina ta ne don ruwan batir mai tushen ruwa na gaske, kuma wannan zaɓi yana da hikima, domin ruwan gishiri ba ya kama wuta, ba ya buƙatar akwatin agon, kuma idan famfo ya yi yoyo cikin dare babu abin da zai ƙone. Akwai kuma tarihin Whitacre, wanda shi ne ya kafa kamfanin Aquion Energy mai ƙera batirin sodiyam na ruwan gishiri, kamfanin da ya durƙushe a 2017, don haka ya san irin wannan batir ciki da waje. Rauninsa sananne ne: a ƙa'ida ruwa yana fara rabuwa zuwa iskar haidirojin da oksijin da zarar ƙarfin lantarki ya wuce bolt 1.23, alhali batirin litiyam na waya yana aiki a wajen bolt 3.7. A 2015 masu bincike na Jami'ar Maryland da ɗakin binciken sojojin Amurka sun nuna cewa idan aka cusa gishiri mai yawan gaske, har ya zama gishirin ya rinjayi ruwan, ana iya faɗaɗa wannan iyaka zuwa kusan bolt 3. Daga nan tambaya ta taso: wane haɗin gishiri mai araha ne zai fi faɗaɗa ta?

Otto ba mutum-mutumi ba ne mai hannuwa da ƙafafu, kamar yadda wasu hotunan labarai ke sa a zata. Tarin famfuna ne, da bawul, da siraran tiyo, da kwalabe cike da ruwan gishiri iri-iri, da ɗan ƙaramin wurin awo. Kwamfuta ta ce a zuƙo kaza daga wannan kwalba da kaza daga waccan, a gauraya, a tura wurin awo, a auna, a wanke, a sake. Abin da ya bambanta shi da sauran injinan awo shi ne cewa babu mutum a tsakanin sakamakon gwaji na yanzu da zaɓin gwaji na gaba. Wannan gurbi Dragonfly ce ta cike shi, manhajar da Kirthevasan Kandasamy da abokan aikinsa suka rubuta a sashen koyon na'ura na jami'ar, asali don daidaita wasu manhajojin, ba don sinadarai ba. Sunan nata na ƙwaron nan ne da muke kira mazari.

Hanyar da take bi ta samo tushe daga lissafin Thomas Bayes na ƙarni na 18, kuma mai haƙar rijiya zai gane ta ba tare da wahala ba. Mutum ne aka ba shi fili mai faɗi, aka ce yana da damar haƙa ramuka kaɗan kawai, ya nemo inda ruwa ya fi kusa. Bayan rami biyu ko uku ya fara samun hoton filin a ransa: nan kusa da kwari akwai alama, can kan tudu babu. Kowane sabon rami yana gabansa da zaɓi biyu, ko ya haƙa kusa da inda ya riga ya ga danshi, ko ya je can kusurwar da bai taɓa dubawa ba, wadda mai yiwuwa ta fi ko'ina. Dragonfly tana riƙe da irin wannan hoto a lissafe, tana da hasashen ƙimar kowane haɗi da kuma girman shakkarta a kan hasashen, sannan tana zaɓar gwaji na gaba ta hanyar auna riba da shakka tare. Ba ta san komai game da sinadarai ba. Lambobi ke shiga, lamba ɗaya ke fitowa, ita kuma tana ƙoƙarin ɗaga wannan lambar.

A 2020 mujallar Cell Reports Physical Science ta wallafa sakamakon Otto. Cikin sa'o'i 40 na aiki na'urar ta gwada haɗi 140, ta kuma tsaya a kan wani ruwan sodiyam mai gauraye da gishiri fiye da ɗaya, wanda iyakar ƙarfin lantarkinsa ta ɗara ta ruwan gishiri guda da ake ɗauka shi ne ma'auni. Abin da ya ja hankali shi ne cewa ba haɗin da ya fi kowanne yawan gishiri ɗaya ba ne ya yi nasara, kamar yadda tunanin da ya samo asali daga aikin 2015 zai sa a yi tsammani. Sai dai akwai abin lura a yadda aka yi awon, domin a kan ƙarfen filatinam aka yi shi, kuma cikin gaggawa. Filatinam yana hanzarta rabuwar ruwa fiye da kayan da ake sa wa batir na gaske, kuma awon mintoci ba ya faɗin abin da zai faru bayan wata shida. Sakamakon ya tabbatar da cewa tsarin yana aiki, bai kai ga ba da batir ba.

Clio ita ce mataki na biyu, kuma a nan ne mafi yawan wahalar aikin digirin take, ko da yake ita ce ba a cika ambata ba. Dole a shigar da dukkan tsarin cikin akwatin agon. Dole a sami tiyo da bawul da sinadaran ba za su cinye ba. Dole famfuna su auna ruwa mai kauri da marar kauri daidai wa daida, alhali abin da masana ke so shi ne haɗi bisa nauyi, famfo kuwa mililita yake aunawa, don haka sai an san nauyin kowace mililita ta kowane ruwa kafin lissafi ya daidaita. Ga kuma ragowar gwajin baya da ke maƙalewa a cikin tiyo ya gurɓata na gaba, ga kumfar iska da ke iya shiga wurin awo ta ba da lambar ƙarya, ga zafin ɗaki wanda idan ya motsa da digiri biyu ko uku zai sauya sakamako fiye da bambancin da ke tsakanin haɗi biyu masu kusanci. Mutum idan ya ga lambar da ba ta yi kama da gaskiya ba zai tsaya ya sake dubawa. Manhaja kuwa za ta karɓe ta, ta gyara hotonta a kanta, ta ɓata gwaji biyar na gaba tana bin inuwa. Saboda haka kafin a sakar wa Dragonfly ragama sai da aka nuna cewa Clio tana maimaita awo ɗaya ta sami amsa ɗaya, kuma amsar ta dace da abin da aka riga aka sani a rubuce. A ganina wannan ɓangare ne ya fi cancantar digirin, domin shi ne wanda babu manhajar da za ta yi wa ɗalibi.

Filin da aka ba Dragonfly ƙarami ne kuma an zagaye shi da shinge: gishiri ɗaya, LiPF6, da sinadaran narkarwa uku, EC, DMC da EMC. Abubuwa uku take juyawa, wato yawan EC, rabon DMC da EMC, da yawan gishiri. Lambar da aka ce ta ɗaga ita ce saurin ratsawar caji ta cikin ruwan. Hujjar wannan zaɓi tana da ƙarfi. Idan ana cajin batir da sauri, ƙwayoyin litiyam suna tururuwa zuwa girafayit fiye da yadda ruwan zai iya isar da su daidai, sai wani sashe ya yi cunkoso wani ya yi ƙamfa, kuma idan abin ya tsananta litiyam yana kwantawa a saman girafayit a matsayin ƙarfe maimakon ya shige cikinsa, abin da ke rage ƙarfin batir, wani lokaci ma ya huda shi daga ciki ya jawo gobara. Ruwan da caji ke ratsawa da sauƙi yana rage wannan haɗari. Ban da haka, awon yana da sauri, ana yin sa da ɗan ruwa kaɗan, ba sai an haɗa batir ba.

Bayan gwaji 42 manhajar ta karkata zuwa yankin da DMC ya rinjayi EMC, da gishiri kusa da mol ɗaya, wato ma'aunin da masana sinadarai ke auna yawan gishirin da shi. Marubutan sun ƙiyasta cewa wannan ya fi saurin binciken kan-mai-uwa-da-wabi da na'urar kanta za ta yi har ninki shida. Daga nan aka ɗauki haɗi shida aka zuba su a cikin ƙananan batura masu siffar jaka, masu ƙarfin mAh 220 (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), waɗanda ɓangare ɗaya girafayit ne, ɗayan kuma haɗin nikel, manganis da kobalt a rabon 5:3:2. Dukkan shidan sun fi batirin ma'auni jure saurin caji, mafi kyawunsu da kusan kashi 13 cikin ɗari. Wannan mataki na ƙarshe mutane ne suka yi shi da hannu, kuma shi ne ya ɗaga aikin daga wasan lambobi zuwa binciken batir.

Da a ce ina zaune cikin masu jarraba wannan kundi, tambayata ta farko za ta kasance a kan ninki shidan nan. An kwatanta Dragonfly da zaɓin da babu tunani a cikinsa, kuma wannan abokin kokawa ne mai sauƙin kayarwa. Ƙwararren masanin da ya shafe shekara ashirin da waɗannan sinadarai ba ya zaɓe a makance. Ya san DMC ya fi EMC rashin kauri, ya san ƙololuwar saurin caji tana kusa da mol ɗaya, kuma da an tambaye shi da safe zai nuna yankin da manhajar ta isa da yamma ta biyu. Wannan ba ya rushe aikin, domin wanda ke son nuna cewa sabon sikeli yana da kyau dole ya fara auna abin da aka san nauyinsa. Amma yana nufin cewa a karanta sakamakon 2022 a matsayin shaidar ingancin kayan aiki, kuma amfanin gaske zai bayyana ne a filin da ba a taka ba, inda sinadarai suka kai bakwai ko takwas kuma sanin ƙwararre ya ƙare.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, kuma ta shafi lambar da aka zaɓa. Saurin ratsawar caji yana ƙirga dukkan ƙwayoyin da ke motsi, alhali a cikin irin wannan ruwa litiyam ba ya ɗaukar ko rabin cajin, sauran na abokin gishirinsa ne wanda motsinsa ba ya ƙara wa batir komai. Ana iya samun ruwa biyu masu lamba ɗaya da ke aiki daban a cikin batir. Sannan DMC, wanda manhajar ta fi so, yana daskarewa a wajen digiri 3 ko 4, EMC kuwa sai sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa masu ƙera batirin mota ba su yar da EMC ba, tunda motar da aka sayar a Pittsburgh dole ta tashi a watan Janairu. Dragonfly ba ta san da hunturu ba, domin ba a sa shi cikin tambayar ba. Haka kuma ba ta san da zafi ba, wanda shi ne damuwar mai amfani da batirin sola a ƙasashenmu, inda zafi ke hanzarta rushewar gishirin LiPF6 da kumburin batir. Duk abin da aka bari a waje da lambar, na'ura za ta sadaukar da shi ba tare da ta sanar da kowa ba.

Aikin bai tsaya shi kaɗai a zamaninsa ba. A 2020 wani rukuni na Jami'ar Stanford, da Cibiyar Fasaha ta Massachusetts (MIT) da cibiyar Toyota, inda ɗalibin digirgir Peter Attia ke kan gaba, ya yi amfani da irin wannan lissafi wajen zaɓar tsarin caji mafi kyau daga cikin 224, cikin kwana 16 maimakon sama da 500, ta hanyar hasashen tsawon ran batir daga zagaye ɗari na farko. A shekarar dai Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin BIG-MAP ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Fasaha ta Denmark, don haɗa irin waɗannan ɗakunan gwaji da ma'ajiyar bayanai guda. An kuma ga inda gaggawa ke kai mutane a 2023, lokacin da ɗakin A-Lab na Berkeley ya sanar da haɗa sababbin sinadarai 41 cikin kwana 17, sai wasu masana daga Landan da Princeton suka bi bayanan suka ce fassarar da manhaja ta yi wa awon ba ta tabbatar da sabuntar ba. Idan aka ajiye aikin Carnegie Mellon kusa da wannan, za a ga amfanin taƙaita da'awa: sun auna abu ɗaya mai sauƙin tabbatarwa, sun gwada shi a batir na gaske, sun tsaya a nan.

Abin da ya rage a waje da ikon Clio shi ne tsawon rai, kuma shi ne mai sayen batir ya fi damuwa da shi. Ran batir ya dogara ne a kan siririyar fatar nan da ke saman girafayit, wadda masanin kimiyya Emanuel Peled ya bayyana irinta a kan ƙarfen litiyam tun 1979, kuma ingancinta yana hannun wasu ƙananan sinadarai da ake ɗigawa a cikin ruwan, kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, irin su wanda ake kira VC. Wannan ɗan ƙari kusan ba ya taɓa saurin ratsawar caji, saboda haka ga ma'aunin Clio ruwa mai shi da marar shi kusan ɗaya ne, alhali a cikin batir bambancinsu na iya zama na shekaru. A 2019 rukunin Jeff Dahn a Jami'ar Dalhousie da ke Halifax ya wallafa sakamakon gwajin batura masu jaka na girafayit da nikel, manganis da kobalt a rabon 5:3:2, irin iyalin da aka zuba wa haɗin Clio, inda suka nuna cewa da ƙarin da ya dace batirin zai iya ɗaukar mota tafiyar mil miliyan ɗaya. Kafin su rubuta wannan jumla sun bar baturan a kan na'urar caji, a zafi daban-daban, ana cikawa ana saukewa, har tsawon shekara uku.